Ƙwan lantarki mai wat 60: mita ta ce om 65, lissafi ya ce 880, wa ke da gaskiya?

"Assalamu alaikum Injiniya. Ni ɗan koyo ne, wata bakwai ke nan ina koyon aikin wayarin. Ogana ya koya mini cewa idan na san boltej da karent, in raba boltej da karent in samu turjiya, in kuma ninka su in samu wat. Na ɗauki tsohon ƙwan lantarki mai zare a ciki, an rubuta a jikinsa bolt 230, wat 60. Na raba 60 da 230 na samu amfiya 0.26, na raba 230 da 0.26 na samu wajen om 880. Da na kwance ƙwan na ɗora masa mita, sai ta nuna om 65. Mitata ce ta lalace, ko lissafina ne ya kauce? Akwai kuma abin da ya fi wannan ɗaure mini kai. A wani wuri na ga P = I × I × R, a wani wurin kuma P = V × V ÷ R. Na farko yana nuna idan turjiya ta ƙaru wat zai ƙaru, na biyu kuma yana nuna zai ragu. Wanne zan ɗauka? Allah ya ƙara basira."

Wa'alaikumus salam, ƙanena. Amin, tare da kai. Na ji daɗin wannan tambaya ƙwarai, domin ta wanda ya ɗauki mita da hannunsa ce ya je ya gwada abin da aka gaya masa. Da yawa daga cikin masu wannan sana'a sukan shekara goma suna ɗaura waya ba su taɓa cin karo da abin da ka ci karo da shi ba, saboda ba su taɓa auna ƙwan da ba a kunna ba. Tun daga farko in kwantar maka da hankali: bisa lambobin da ka kawo, mitarka ƙalau take, lissafinka ma daidai ne. Tambayoyinka biyu kuwa, ko da yake sun yi kama da mabambanta, tushensu ɗaya. Duk lokacin da za ka haɗa V da I da R, wato boltej da karent da turjiya, a lissafi, dole ne ukun su zama na abu guda, a wuri guda, a lokaci guda. Om 65 na ƙwai mai sanyi ne, om 880 na ƙwai mai ci ne. Za mu zo kan wannan, amma bari mu fara gyara harsashi.

Abubuwa huɗun da muke lissafawa

Boltej bambancin matsin wuta ne tsakanin wurare biyu, ana auna shi da bolt, alamarsa V. Ka riƙe kalmar "tsakanin" da kyau, domin babu boltej a wuri ɗaya tilo. Shi ya sa tsuntsu ke sauka a kan tsirarar wayar babban layi ya yi zamansa lafiya: ƙafafunsa biyu suna kan waya ɗaya, kusan babu wani bambanci tsakaninsu. Karent kuwa yawan wutar da ke ratsawa ne ta cikin abu a kowace daƙiƙa, ana auna shi da amfiya, alamarsa I. Turjiya ita ce gardamar da abu yake yi wa wutar da ke son wucewa ta cikinsa, ana auna ta da om, alamarta R. Na huɗu shi ne ƙarfin aiki, wato saurin da abu yake mayar da wuta zafi ko haske ko juyi, ana auna shi da wat, alamarsa P.

Dukkan ma'aunan nan sunayen mutane ne: Volta ɗan Italiya wanda ya ƙera batir na farko a 1800, Ampère ɗan Faransa, James Watt ɗan Sikotilan mai injin tururi, sai Georg Ohm ɗan Jamus. Labarin Ohm ne ya shafe mu. Malamin makaranta ne a birnin Kolon, kuma a 1827 ya wallafa abin da ya gano, cewa karent ɗin da ke bin waya yana tafiya kafaɗa da kafaɗa da boltej ɗin da aka ɗora mata: ka ninka wannan, wancan ya ninku. Baturan zamaninsa ba su da tsayayyen ƙarfi, suna ta sauka ana cikin gwaji, don haka ya koma samar da wutarsa daga ƙarafa biyu mabambanta da aka haɗa bakinsu, baki ɗaya a tafasasshen ruwa, ɗayan a ƙanƙara. Mutanen ƙasarsa ba su karɓi aikin da hannu biyu ba da farko, sai a 1841 Ingila ta karrama shi da lambar yabo ta Copley. Amma dokar tasa tana da sharaɗi wanda ake yawan mantawa a wajen koyarwa: turjiya tana zama yadda take ne muddin zafin wayar bai canja ba.

Dokar ita ce V = I × R. Daga nan ake juya ta: R = V ÷ I, ko I = V ÷ R. Ƙarfin aiki kuma P = V × I. Waɗannan biyun kaɗai nake so ka haddace. Sauran duk 'ya'yansu ne. Idan ka cire V daga P = V × I ka sa I × R a gurbinsa, ka samu P = I × I × R. Idan kuma I ka cire ka sa V ÷ R, ka samu P = V × V ÷ R.

Mu gwada da dutsen guga. An jona shi a bolt 230, ka auna karent ka samu amfiya 4.35. Turjiyarsa 230 ÷ 4.35, wato om 52.9. Ƙarfin aikinsa 230 × 4.35, wato wat 1,000. Bi ta hanya ta biyu: 4.35 × 4.35 ya ba da 18.9, ka ninka da 52.9, ga wat 1,000 nan. Ta uku: 230 × 230 ya ba da 52,900, ka raba da 52.9, wat 1,000 dai. Hanya uku, masauki ɗaya. Abin da zan ja maka kunne a kai a nan shi ne ƙananan ma'aunai. Miliamfiya 20 amfiya 0.02 ne, kilo-om 4.7 kuma om 4,700 ne. Ka mayar da komai bolt, amfiya da om tsantsa kafin ka taɓa kalkuleta, domin mafi yawan kurakuran da nake gani a takardun ɗalibai daga nan suke fitowa, amsa ta fito ninki dubu sama ko ƙasa da yadda ya kamata.

Abin da ya faru da ƙwanka

Zaren da ke cikin irin wannan ƙwai da wani ƙarfe ake yinsa mai suna tangistan. An zaɓe shi ne saboda ba ya narkewa sai zafi ya haura digiri 3,400 a ma'aunin Salsiyos, kuma idan ƙwan yana ci zaren yakan kai wajen digiri 2,500. A cikin ƙarfe, duk lokacin da zafi ya ƙaru, ƙwayoyin da suka yi shi suna ƙara jijjiga a mazauninsu, wutar da ke ratsawa tana ƙara yin karo da su, turjiya ta hau. A tangistan hawan ya kai kusan kashi 0.45 cikin ɗari a kowane digiri ɗaya. Abu ne kaɗan idan digiri goma ake magana. Amma ka tara shi sau 2,500, sai ka ga turjiya ta ninku sau goma sha biyu zuwa sha biyar. Raba 880 da 65 ka gani: wajen 13.5. Ka faɗa daidai tsakiyar inda ake tsammani.

Mitarka ba ta iya zafafa zaren. Idan tana auna om, ɗan batirin cikinta ne yake tura karent kaɗan, ta duba boltej ɗin da ya bayyana, ta yi rabon V ÷ I da kanta ta nuna maka. Wato ita ma lissafin Ohm take yi, irin wanda ka yi, sai dai a kan zare mai sanyi. Wat 60 da aka rubuta a jikin ƙwan kuwa na lokacin da yake ci ne. Ka ga kenan kowannenku ya faɗi gaskiyar abin da ya tarar.

Akwai abin da lambar nan ta 65 take koya maka wanda 880 ba za ta koya maka ba. A ƙiftawar idon da aka danna makunni, zaren yana nan da sanyinsa, don haka karent ɗin da zai afka masa zai iya kai 230 ÷ 65, wato amfiya 3.5, maimakon 0.26. Da turjiyar za ta tsaya a haka, da ƙwan zai ja sama da wat 800. Ba ta tsayawa: kafin daƙiƙa ɗaya ta cika zaren ya yi jawur, turjiya ta hau, karent ya sauka. Amma wannan bugun farko shi ne dalilin da ya sa irin waɗannan ƙwayaye suka fi mutuwa a daidai lokacin kunnawa. Zaren da ya tsufa yana da wurin da ya sirance, nan ne turjiya ta fi yawa, nan zafi yake taruwa kafin sauran jikin ya kama, sai ya tsinke.

Idan ka ɗora mitar a kan dutsen guga ko hita ba za ka ga wannan tazara ba. Wayar da ke zafi a cikinsu yawanci nikurom ce, haɗin nikel da kuromiyam, wadda turjiyarta ba ta motsawa sosai da zafi. Dutsen guga mai wat 1,000 zai nuna maka wani abu kusa da om 50 ko da yana sanyi. Shi ya sa a wajen gyara nake amincewa da awon om a kan kayan dumama: in na lissafa 53 na tarar da 51, lafiya lau, in mita ta nuna babu hanya sam, wayar ta tsinke ko fis ɗin zafi ya tafi, in kuma ta nuna 20, wani sashe na wayar ya haɗe da ɗan'uwansa.

Wanne ne tsayayye, boltej ko karent?

Tambayarka ta biyu ita ce ta fi muhimmanci a wurina, domin wanda ya gane ta ya gane dalilin da gobarar lantarki take tashi. Dabarun biyu duk gaskiya ne a kowane lokaci. Ruɗanin yana zuwa ne daga ɗaukar cewa za ka iya canja R sauran su zauna yadda suke. Ba ya yiwuwa. Ka taɓa R, dole ko V ko I ɗaya ya motsa. Abin da za ka tambayi kanka shi ne: a wannan wurin, wanne aka ɗaure?

A soket, boltej ne a ɗaure. Ko me ka jona, bolt 230 zai tarar. Don haka dabarar da ta fi nuna maka hoton ita ce V × V ÷ R, kuma ƙarancin turjiya ne yake kawo yawan wat. Dutsen guga mai wat 1,000 om 52.9 ne, hita mai wat 2,000 om 26.5 ce, ƙwanka mai wat 60 kuma om 880. Dabarar I × I × R ba ta yi ƙarya ba a nan: idan ka raba turjiya biyu, karent ya ninku biyu, I × I ya ninku huɗu, huɗu sau rabi kuma biyu ne. Amsa ɗaya.

Idan kuwa abubuwa suna jere, wuta tana fita daga wannan ta shiga wancan, to karent ɗaya ne yake ratsa su duka, kuma mai turjiya mafi yawa shi yake kwasar zafi mafi yawa. Ga gwajin da ke ba ɗalibai mamaki: a jera ƙwai mai wat 60 da mai wat 100 a layi ɗaya a kan bolt 230. Kowa zai ce mai 100 zai fi haske. Mai 60 ne yake fi, domin turjiyarsa ta fi yawa, 880 a kan 529 idan suna cin cikakkiyar wutarsu, kuma karent ɗaya suke sha.

To ka lura, kowace na'ura da ka jona a jere take da wayarta, da fulogi, da kowane kusoshi da ka ɗaure a kan hanya. Na'urar ce take yanke yawan karent, saboda turjiyarta ta fi ta waya nesa ba kusa ba, su kuma waya da mahaɗai sai dai su ɗauki abin da aka ɗora musu. A wurinsu karent ne a ɗaure. Ka ɗauka akwai kusa ɗaya a bayan soket da ba a ɗaure ta tamau ba, ta yi tsatsa, turjiyar mahaɗar ta kai rabin om. Aka jona abin da ke jan amfiya 10. Zafin da zai taru a wurin 10 × 10 × 0.5 ne, wato wat 50, a wurin da bai fi kan ɗan yatsa ba, a cikin roba, babu iska. Ƙarfen narka dalma da muke aiki da shi sau da yawa bai kai wat 50 ba. Fis ba zai yanke ba, bireka ba za ta faɗi ba, domin karent bai wuce ƙa'ida ba. Duk soket ɗin da ka ga ya yi baƙi a ƙafa ɗaya, wannan lissafin ne ka gani da ido. Ina roƙonka, ka ɗauki ɗaure kusa da muhimmancin da kake ba zaɓen waya.

A nan kuma akwai tarkon da ya dace da maganar da na fara da ita. Wani zai ce bari ya lissafa zafin mahaɗar nan da V × V ÷ R, sai ya sa 230 × 230 ÷ 0.5, ya samu wat 105,800. Kuskurensa shi ne ya haɗa boltej na soket da turjiyar kusa. Boltej ɗin da ke tsakanin bakin mahaɗar biyu 10 × 0.5 ne kacal, bolt 5. Sa shi ka gani: 5 × 5 ÷ 0.5, wat 50. Sauran bolt 225 suna kan na'urar.

Wannan doka ta zafi James Joule ne ya tabbatar da ita a Ingila a farkon shekarun 1840, ta hanyar nutsa naɗin waya a ruwa yana auna yadda ruwan ke ɗumama. Na taɓa ganin aikinta ƙarara a wani aiki da aka kira ni in duba. Inbata ce, wato na'urar da ke mayar da wutar batir irin ta soket, mai bolt 12 take ta kashe kanta tana kukan batir ya yi ƙasa, alhali batirin sabo ne, cike yake. Wanda ya yi haɗin ya sa waya mai faɗin baki murabba'in milimita 2.5, irin ta soket, kuma ya ajiye batir mita 5 daga inbata. Kayan da ke kai wajen wat 600 ne. A bolt 12, wannan amfiya 50 ne tun kafin a sa asarar inbatar kanta. Tagulla mai tsawon mita ɗaya da faɗin baki murabba'in milimita ɗaya tana da turjiyar om 0.0172. Wuta tana zuwa tana dawowa, don haka tsawon mita 10 ne, ba 5 ba. Lissafi: 0.0172 × 10 ÷ 2.5, om 0.069. Lamba ce da ido zai raina. Amma 50 × 0.069 ya kusa bolt 3.5 da suke ɓacewa a hanya, inbata tana ganin ƙasa da bolt 9. Zafin da wayar ke sha kuma 50 × 50 × 0.069, sama da wat 170. Da na taɓa ta, robar ta riga ta yi laushi. Muka matso da batirin, muka sa waya mai murabba'in milimita 16, magana ta ƙare. Ko da a tsawon farko aka bar ta, mai murabba'in milimita 16 za ta zubar da kusan rabin bolt ne kawai, da wat 27.

Ka kwatanta: wat 600 ɗin nan a bolt 230 amfiya 2.6 ne, kuma a waccan siririyar wayar asarar ba ta kai rabin wat ba. A bolt 48 amfiya 12.5 ne, asara wajen wat 11. Duk lokacin da ka ninka boltej biyu don ɗaukar kaya iri ɗaya, asarar waya tana komawa kashi ɗaya cikin huɗu. Dalilin ke nan da manyan layukan da ke ratsa ƙasashe suke ɗauke da bolt 132,000 ko 400,000, sai an zo kusa da masu amfani taransifoma ta sauke shi.

Dabarar V × V ÷ R ita ma tana da nata gargaɗin. A Amurka wutar gida bolt 120 ce. Hitar da aka ƙera don can, idan aka jona ta a 230, boltej bai kai ninki biyu ba amma zafin zai kusa ninki 3.7, kuma ba za ta daɗe ba. Haka idan wuta ta yi ƙasa zuwa bolt 200, dutsen gugarka mai wat 1,000 zai ba da wajen 756 ne kawai.

Rizisto ma yana da nasa wat

Tunda kana koyo, za ka zo kan ƙananan fitilun LED. Ja daga cikinsu yakan riƙe wajen bolt 2, kuma miliamfiya 20 ya ishe shi. LED ba ya bin dokar Ohm. Da boltej ya ɗan haura abin da yake so, karent sai ya yi tsalle ya ƙone shi, don haka ake jera masa rizisto, wato ɗan abin da aka ƙera da tsayayyiyar turjiya don ya rage karent. A kan bolt 12, riziston zai ɗauki ragowar bolt 10 ne, ba 12 ba. R = 10 ÷ 0.02, om 500. Sai ka ɗauki na kusa da shi a cikin waɗanda ake ƙerawa, kamar 560. Zafinsa 10 × 10 ÷ 560, wat 0.18.

A farkon aikina na mayar da irin wannan fitila daga allo mai bolt 12 zuwa mai bolt 24. Na sake lissafin om daidai, 22 ÷ 0.02 ya ba ni 1,100, na sa mai 1,200. Ban sake lissafin wat ba. Riziston mai rubu'in wat ne, shi kuwa 22 × 22 ÷ 1,200 wat 0.4 ne. Fitila ta kama lafiya, na rufe allo na tafi. Bayan 'yan kwanaki aka kira ni, na tarar ya ƙone ya bar tabo a allon. Tun daga ranar, duk riziston da zan sa sai na lissafa masa abu biyu, om da wat, kuma nakan zaɓi wanda zai iya ɗaukar ninki biyu na abin da lissafi ya nuna.

Inda wannan lissafi yake tsayawa

Duk abin da na faɗa yana tafiya sumul a wutar batir, da kuma wutar soket idan kayan na dumama ne ko ƙwai mai zare. Wutar soket mai kai-komo ce, tana juya alkibla, zagaye 50 a daƙiƙa a yawancin ƙasashe, 60 a wasu. Bolt 230 da ake faɗa ba shi ne ƙololuwarta ba, takan taɓa 325 a kowane zagaye. An zaɓi 230 ne domin shi ne adadin da zai ba da zafi daidai da na tsayayyar wutar batir mai bolt 230, shi ya sa lissafin dutsen guga ya fita ba gyara.

Da zarar naɗin waya ya shigo, kamar a moto, fanka, firji ko taransifoma, labari ya canja. Naɗi yana yi wa wuta mai kai-komo wata gardama ta daban wadda mita ba ta gani idan tana auna om. Za ka iya auna naɗin ƙaramar taransifoma ka samu om 20, lissafi ya ce za ta ja amfiya 11.5, ka jona ta ka tarar ko kusa ba ta kai ba. Abin da V ÷ I yake ba ka a irin waɗannan kaya shi ake kira imfidans, kuma ya haɗa turjiya da waccan gardamar ta naɗi. Haka V × I ba ya ba da wat kai tsaye, bolt-amfiya yake bayarwa, wanda ake rubutawa VA a jikin inbata da janareto. Sai ka ninka shi da wata lamba da ba ta wuce 1 ba, wadda masu sana'a ke kira fawa fakta. Moton da ke jan amfiya 5 a bolt 230 yana da VA 1,150. Idan lambarsa 0.8 ce, wat 920 yake ci. Waya da fis kuwa amfiya 5 ɗin suke ɗauka cur, don haka da amfiya ake zaɓensu. Caja da kwamfuta da moto kuma ba sa yin irin halin dutsen guga idan wuta ta yi ƙasa: da yawansu ƙara jan karent suke yi don su cike giɓin, abin da ke sa moto ya yi zafi.

Kada kuma ka zaɓi kaurin wayar gini da dokar Ohm kaɗai. Za ta gaya maka bolt nawa za su zube da wat nawa za su zama zafi, amma ba za ta gaya maka ko zafin zai samu hanyar fita ba. Wannan ya danganta da irin robar wayar, ko a bututu take ko a fili, wayoyi nawa aka cusa tare, da zafin wurin. Akwai jadawalin ƙa'ida da aka tanada don haka, ka sa ogan naka ya zauna da kai a kansa.

Game da awo: bolt ana auna shi ne a gefe da gefen abu, amfiya kuma sai an yanke layi an sa mita a tsakiya, ko a yi amfani da mita mai baki a kama waya ɗaya tak, domin in ka kama biyun tare za su soke juna ta nuna sifili. Kada ka taɓa sa mitar da ke kan amfiya a ramukan soket, gajeriyar hanya ka yi wa wuta. Om kuma ba a auna shi sai an raba abu da wuta gaba ɗaya, kamar yadda ka yi. Karent ɗin da bai kai na ƙwanka ba ya isa ya tsayar da zuciyar mutum, shi ya sa ake saita na'urar kare rai ta yanke a miliamfiya 30. Gwajin jera ƙwai biyu a bolt 230 da na ambata, kada ka yi shi sai oganka yana tsaye.

Ban riƙe mitarka a hannuna ba, don haka ka tabbatar da ita da kanka. Nemi rizisto mai om 100, mai zoben ruwan ƙasa, baƙi, ruwan ƙasa, sannan na zinare. Zoben zinaren yana nufin sassaucin kashi 5 cikin ɗari, don haka duk abin da ta nuna tsakanin 95 da 105 daidai ne. Bayan haka ka samo ƙwan sigina na mota mai bolt 12, wat 21, wanda ba shi da haɗarin wutar soket. Ka fara haɗa bakin wayoyin mitar da juna ka rubuta abin da ta nuna, domin su ma suna da 'yar turjiyarsu, ka cire shi daga awon ƙwan. Za ka samu wani abu kusa da rabin om. Sannan ka jona shi a batir, ka auna bolt a kan ƙwan kansa, ka auna amfiya, ka raba. Ya kamata ka ga wajen amfiya 1.75 da kusan om 7. Ka rubuto mini lambobin da ka samu, sai mu ɗora daga nan zuwa lissafin moto.